Idan hankali ya tafi ya bar gangar jiki

Ka hau mota daga Kano za ka Zariya, sai ka farga an wuce Kwanar Dangora ba ka san lokacin ba, alhali idonka biyu. Ko ana yi maka magana, sai mai maganar ya taɓa ka ya ce, "Wai kana ina ne?" Wannan ba ciwo ba ne, kowa yana yi. Sai dai abin yana da matakai, kuma can a ƙarshensa akwai matar da za ta tsinci kanta a unguwar da ba ta san yadda ta je ba, da saurayin da zai dubi madubi ya ji kamar fuskar wani yake kallo.

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan rabewar hankali. Likitan Faransa Pierre Janet ya yi bayaninsa a littafin da ya fitar a 1889. A ganinsa, tunani da tunawa da ji da sanin kai a tufke suke kamar igiya, firgici mai tsanani kuwa yana iya warware tufkar, kowane sili ya kama gabansa. Yaron da ake azabtarwa, wanda ba shi da ƙarfin gudu ko ramuwa, sai hankalinsa ya gudu a madadinsa. A lokacin kariya ce. Matsalar ita ce idan hankalin ya saba da gudun, ya ci gaba da yi bayan haɗarin ya wuce.

To yaya ake auna abin da ido ba ya gani? A 1986 wasu masana biyu a Amurka, Eve Bernstein da Frank Putnam, suka tsara ma'aunin da ake kira DES. Tambayoyi 28 ne, mutum ya faɗi da kansa sau nawa kowane abu ke faruwa da shi, daga 0 zuwa 100, idan ba a cikin maye yake ba. Wasu tambayoyin kan nutsewa cikin tunani ne, wasu kan mantuwar da ta wuce misali, wasu kan jin cewa jikinka ba naka ba ne ko duniyar kamar mafarki ce. Sai a haɗa a raba, a sami maki. A wani bincike da aka buga a 1990 kan mutum 1,055 a birnin Winifeg na Kanada, matsakaicin makin bai kai 11 ba. Wanda ya kai 30 shi ake cewa a ƙara duba shi.

A nan ne nake jin tsoro. Tambayoyin nan suna yawo a intanet, matasa na amsawa a waya, su ga 35, su yanke wa kansu hukuncin cewa mutane da yawa ne ke zaune a jikinsu. Ma'aunin rariya ce kawai, ba ya faɗin cuta. Mafi yawan waɗanda suka haura 30 ba su da wannan lalurar mai tsanani, kuma masu ƙananan shekaru dama makinsu ya fi na manya. Rashin barci, ƙwayoyi, da wani nau'in farfaɗiya da ba ya kayar da mutum ƙasa, duk suna kawo irin alamomin. Ganewa aikin likita ne, ta doguwar tattaunawa ido da ido, kamar wadda Marlene Steinberg ta tsara.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A 2010 Marjolein van Duijl da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a kudu maso yammacin Yuganda, inda suka kwatanta mutum 119 da aka ce iskoki sun shige su da 71 da ba a ce ba. Na farkon sun fi maki a ma'aunan rabewar hankali, sun kuma fi ba da labarin masifun da suka gani a rayuwa. Binciken bai taɓa imanin kowa ba, kuma littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 da kansa ya ce abin da al'ada ko addinin jama'a suka amince da shi ba a lissafa shi cuta. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne tambayar da muka fiye tsallakewa. Yarinya ta dawo daga hannun masu garkuwa, tana zama shiru kamar gunki, ko ta yi magana da wata murya ta tashi ba ta tuna ba. Gida ya cika da masu tambayar wane ne a kanta, da wuya a sami mai tambayar me aka yi mata.

Idan hankalinta ya tafi, kada a doke ta, kada a ɗaure ta, kada a taru a kanta. Mutum ɗaya da ta yarda da shi ya kira sunanta a hankali, ya gaya mata inda take da ranar da ake ciki, ya ba ta ruwa mai sanyi ta riƙe. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Wanda zai raka ta ya rubuta yaushe abin ya fara, minti nawa yake ɗauka, da abin da ke faruwa dab da zuwansa, don waɗannan ne likita zai fara tambaya.