Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Tsohon Da Ka Bari A Gida

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a filinmu na kiwon lafiya, domin wanda shirin ya wuce shi, ko wanda zai karanta wa wasu a ruga ko a tasha.

Maganar taka ce, kai makiyayi da rani ke korawa kudu. Taka ce, kai ɗan kasuwa mai kai-komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ko Maigatari da Dungas. In za ka tafi, kana lissafa dusa da kanwa da kuɗin mota. To, Baba da gwiwa ta hana shi bin shanu fa? Inna da ido ya fara yi mata hazo fa? Abin da ya fi saurin kwantar da su yana nan tsakanin ƙofar ɗaki da bayan gida, wato faɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Dalili kuwa, ƙashin tsoho ba ya da ƙwarin na saurayi, musamman mace bayan haila ta ɗauke. Ɗan tuntuɓe kaɗan sai ƙugu ya karye. Daga nan sai kwanciya, kwanciya ta jawo gyambo a baya da ciwon huhu, mutumin da jiya yake kai kansa masallaci ya koma sai an ɗaga an ajiye.

Sandar kiwo dabam, sandar dogarawa dabam

Kowane makiyayi yana da sanda, amma wadda ake kora shanu da ita ta yi tsawo ga mai ciwon gwiwa. Ga yadda ake aunawa: tsohon ya miƙe tsaye da takalminsa, ya saki hannu ƙasa. Kan sandar ya tsaya daidai wuyan hannunsa. In ya riƙe, gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In ta fi haka tsawo kafaɗa za ta yi ciwo, in ta gaza sai ya riƙa tafiya a duƙe.

Abin da mutane da yawa ke juyawa shi ne hannun riƙo. In ƙafar hagu ce ke ciwo, a hannun dama ake riƙe sanda, sanda da ƙafa mai ciwo su tafi gaba tare. Wajen hawa dakali ko mota, lafiyayyar ƙafa ce ke fara hawa. Wajen sauka, sanda da mai ciwon ne ke fara sauka. A sa wa gindin sandar roba don kada ta zame a kan siminti. In ba a samu ta kanti ba, mai faci zai yanka maka daga tsohuwar taya.

Mai amfani da sandunan hammata kuwa, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku tsakanin hammata da kan sandar. Nauyin jiki a tafin hannu yake sauka. Wanda ya saba rataya hammatarsa a kai, jijiya kan danne, hannu ya mutu.

Keke ma sai an auna

Ba kowane keken da aka raba kyauta ne zai yi aiki a wajenmu ba. Irin na cikin asibiti mai ƙananan tayoyi a gaba, da ya shiga rairayi sai ya kafe. Keken guragu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa da kayan keke, ya fi jure hanyar kasuwa, kuma duk mai gyaran keke zai iya gyara shi. Sai dai yana son ƙarfin hannu, kuma ba ya shiga ɗaki. Saboda haka kafin ka saya ka tambayi kanka: ina zai riƙa zuwa, kuma wa zai tura shi?

Mazaunin ya zama daidai faɗin ƙugunsa, a sa matashi mai kauri. Wanda ƙafafunsa ba sa ji, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya sanin fata na ƙuna. A riƙa gyara masa zama akai-akai, in yana kwance a juya shi duk bayan awa biyu. Kullum a duba ɗuwawu da diddige. In an ga wuri ya yi duhu, ya yi zafi ko tauri, gyambo ne ke sallama, a ɗauke nauyi daga wajen nan take.

Mai neman ƙafar roba ko takalmin ƙarfe, akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. A Nijar akwai sashen wannan aiki a babban asibitin Yamai da na Damagaram, waɗanda ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tallafa wa. Akwai kuma irinsa a asibitin koyarwa na Maiduguri.

Ka zaga gidan da idon tsoho

Da dare ka kashe fitila ka bi hanyar da yake bi zuwa bayan gida. Me ƙafarka ta ci karo da shi? Turke, igiyar akuya, dangwali, turmi, dokin ƙofa mai tsawo, tabarmar da bakinta ya naɗe. Duk a kawar, ko a canja wa dabba maɗauri. A ajiye masa tocila mai cajin rana kusa da kai, inda hannu zai kai ba sai ya tashi ba.

Tsuguno shi ne babban aiki ga mai ciwon gwiwa. A samu kujera mai ƙwari a huda tsakiyarta a ɗora a bakin masai, a kafa icce mai ƙarfi a gefe don kamawa. Da dare a ajiye masa fo a ɗaki, ba abin kunya ba ne. Wurin wanka da alwala, inda gansakuka ke fitowa, a kankare, a sa kujerar zama. Silifas da ya sheƙe a jefar, a saya mai maɗauri a baya. A rufe bakin rijiya. Lokacin hunturu kada a bar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, yana ƙona zane, iskarsa kuma tana kisa ba tare da an ji wari ba.

Wani lokacin kuma daga cikin jiki matsalar take. Tsoho ya tashi zumbur sai jiri ya ɗebe shi, don haka ya fara zama a bakin gado ya huta kafin ya miƙe. A auna masa hawan jini da suga. Ƙwayoyin barci da na kashe gajiya da ake saya a tire a kasuwa suna sa layi. In yanar ido ce, aikin cire ta a asibitin ido ba ya daɗewa. Ka guji masu yawo kasuwa-kasuwa suna soka tsinke su tura yanar ciki, idanu da yawa sun mutu ta nan.

In ya faɗi

Idan ya kasa taka ƙafa, yana jin ciwo a matsematsi, ƙafar ta gajarta, tafin ya juya waje, to ka ɗauka ƙugu ya karye. Kada a ja ƙafar, kada a ɗora shi a babur. A kwantar da shi a kan ƙyaure ko katako, a nemi mota ko amalanke zuwa inda ake ɗaukar hoto. Mun san darajar masu ɗori a wajenmu, amma wannan ƙashin yana can ciki, kara ba ya kama shi. In kuma baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, asibiti nan take, ko da bai ji ciwon komai ba.

Takarda ba ta tsallaka iyaka

Saura kuɗi. Mu mutanen bakin iyaka mun saba zuwa asibitin da ya fi kusa, ko a wace ƙasa yake. Amma ka tuna 2023, da aka rufe iyakar Nijar da Nijeriya, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Sannan katin inshorar lafiya na ƙasa ɗaya ba ya biyan magani a ɗayar. Don haka a yi wa tsoho rajista a ƙasar da yake kwana.

A Nijeriya, dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na marasa ƙarfi. Tsofaffi da naƙasassu na cikin waɗanda ake nufi. Ta hannun hukumomin jihohi ake shiga: KATCHMA a Katsina, SOCHEMA a Sakkwato, JICHMA a Jigawa, KSCHMA a Kano. Ka je asibitin mazaɓarku ka tambayi yaushe ake ɗaukar sunaye. Akan nemi lambar NIN, saboda haka a fara yi wa tsohon ita tun yana iya hawa mota. Gurbi kan cika, kuma ba kowane aiki katin ke ɗauka ba, ka sa a faɗa maka abin da ya ƙunsa.

A Nijar, kyautar magani da aka fara a 2006 ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da mata masu ciki, ba ta haɗa da tsofaffi ba. Amma daga 1 ga Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da gwaji da hoto da kwanciya da tiyata a asibitocin gwamnati. Ka nemi a nuna maka farashin, ka karɓi rasit. Mai naƙasa kuma ya je ofishin kula da jin daɗin jama'a na babban asibiti ko wajen magajin gari, ya tambayi haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar naƙasassu ta 2019.

Ragi ba kyauta ba ne, kati ma ba ya biyan kuɗin mota. Kafin ka ɗaura kaya, ka ware akuya ɗaya ko 'yan kuɗi, ka damƙa wa amintaccen maƙwabci, ka ce na ranar da Baba ya faɗi ne. Ka bar masa lambar wayarka ta ƙasashen biyu, da lambar direba guda. Ka yanke sandar daidai wuyan hannu, ka cire turken nan daga hanya, sannan ka kama hanya.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku ku iske na gida lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.