Gyaran Na'ura Daga Nesa da Darasin Katsewar Sabis a Zamfara

Yawancin na'urorin da jama'a ke hulɗa da su a yau, tun daga mitar wuta da na'urar POS har zuwa akwatin da ke sarrafa famfon sola, suna ɗauke da 'yar ƙaramar kwamfuta wadda aka ƙera domin aiki ɗaya tak, kuma umurnin da take bi, wato manhajar ciki, a kan wani guntun ma'ajiya ake rubuta shi. A da, idan manhajar ta sami tangarɗa, dole injiniya ya je da ƙafarsa, ya buɗe akwatin, ya jona kwamfutarsa da ƙafofin gwajin da ake kira JTAG, sannan ya bi umurnin layi-layi har ya gano inda ya kauce. Yanzu kuwa ana iya yin galibin wannan aiki ta layin sadarwa, injiniyan yana zaune a Gusau ko Kaduna.

Yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun yana cikin wuraren da wannan fasaha za ta fi amfani, domin a nan ne filayen noman rani na Bakolori suke, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, aka kuma tsara ta shayar da kusan hekta 23,000. Ma'aunin ruwan da za a kafa a bakin wata ƙofar magudana can ƙarshen fili ba abin da ma'aikaci zai riƙa ziyarta kullum ba ne, balle a shekarun nan da hanyoyin karkara suka zama abin tsoro.

Aikin gyara daga nesa kashi biyu ne. Na farko shi ne gano cuta: na'urar tana rubuta abin da ke faruwa a cikinta, kamar ƙarfin batir da lokacin da ta mutu ta tashi da umurnin ƙarshe da ta aiwatar kafin ta tsaya, ta aika da shi a gajerun saƙonni, sau da yawa ta ƙa'idar MQTT wadda aka ƙirƙira a 1999 domin sa ido kan bututun mai ta tauraron ɗan'adam. Na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne aika sabuwar manhaja, domin idan sabis ya yanke ko batir ya ƙare ana tsakiyar rubutawa, na'urar kan zama gawa. Saboda haka ƙwararru ke raba ma'ajiyar gida biyu, a sauke sabuwar manhaja a ɗaya ana ci gaba da aiki da tsohuwar, a tantance sa hannun sirrin wanda ya aiko ta, sannan a gwada ta. Idan ta kasa tabbatar da lafiyarta cikin ƙayyadadden lokaci, wani agogon gadi da ke cikin na'urar ya sake tayar da ita a kan tsohuwar, kamar manomin da ba ya cinye tsohon iri sai ya ga sabon ya tsiro. Nisa kansa ba shi ne cikas ba, tunda a Afrilun 2024 injiniyoyin NASA sun gyara manhajar kumbon Voyager 1 daga tazarar kilomita biliyan 24.

Cikas ɗin shi ne dogaro da layin. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta NCC ta umurci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, da farko na mako biyu, amma ya zarce makonni da dama, kuma duk na'urar da ba ta iya aiki sai da izini daga nesa ta kurmance a lokacin. Misalin mitar wuta ya nuna wata mafita: da lissafin lokacin da ke cikin lambobin sayen wuta, wanda ya fara ƙirga daga 1993, ya doshi ƙarewa a ranar 24 ga Nuwamban 2024, masu mita ne da kansu suka danna lambobi ashirin-ashirin har jeri biyu suka sabunta mabuɗin na'urar, ba tare da intanet ba.

Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da duk mai sayen irin waɗannan na'urori domin yankin, su sanya sharaɗi cewa na'ura ta iya ci gaba da aikinta tana adana bayanai idan sabis ya ɗauke, a kuma bar hanyar gyara ta da hannu, a horar da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara a kanta tun kafin a biya ɗan kwangila.