Alƙalin Wasan Yara Da Ƙafar Da Ba Ta Gama Warkewa Ba

Da zarar an idar da sallar La'asar a birnin Maiduguri, hedkwatar Jihar Borno, filayen makarantu da na unguwanni irin su Gwange da Hausari da Bulumkutu sukan cika da yara 'yan tamaula. Yawancin masu hura musu usur malaman makaranta ne da tsofaffin 'yan wasa, cikinsu har da waɗanda targaɗe ko ciwon gwiwa ya raba da buga ƙwallo. Irin wannan mutum yakan zaci alƙalanci hutu ne kafin ƙafa ta warke. To, amma ba haka abin yake ba.

A manyan wasanni alƙali yakan yi gudun kilomita 10 ko fiye. Filin yara bai kai haka ba, sai dai rairayi ne mai cin ƙafa, ga zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Haka kuma babu alƙali na huɗu da zai karɓe shi idan ciwo ya motsa.

Babban abin tsoro shi ne lafiyar yaran. Dokar wasa ta ɗora wa alƙali tsayar da wasa idan an ji mummunan rauni. Wanda ke ɗingishi a tsakiyar fili kuwa ba zai ga lokacin da mai takalmi ya taka mara takalmi a bakin raga ba. Fanaretin da aka hura daga nesa ma takan haddasa rigima tsakanin unguwanni.

Saboda haka ya kamata mai jinya ya fara samun izinin likita, domin lafawar zogi ba ita ce warkewar jijiya ba. Akwai sashen gashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. In ya dawo, sai ya soma da ƙananan yara a ƙaramin fili, ya nemi masu ɗaga tuta biyu, ya kuma gaya wa masu horar da ƙungiyoyin halin da yake ciki tun kafin a take wasa.

Wanda aka ce ya dakata kada ya ɗauka an yar da shi. Ken Aston, wani malamin makaranta ɗan Ingila, ya ji ciwo a agara lokacin gasar cin kofin duniya ta 1962 a ƙasar Chile, bai kuma ƙara hura usur a gasar ba. Daga baya, yana cikin kwamitin alƙalai na FIFA, shi ne ya kawo dabarar katin gargaɗi da jan kati, waɗanda aka soma aiki da su a Meziko a 1970. Su ne alƙalan Maiduguri ke sawa a aljihu har gobe. Sannu dai ba ta hana zuwa.