Lissafin Gauraya: Yadda Aljabara Ke Auna Abincin Kaji

Garin Wudil, wanda yake kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya yi suna da kasuwarsa ta dabbobi da hatsi mai ci ranar Juma'a, kuma a unguwanni irin su Sabon Gari mai kiwon kaji yakan sayi masara da tunkuzar waken suya ya haɗa abinci da kansa. Tambayar da ke gabansa, wato nawa zai ɗiba daga kowanne, ita ce malaman lissafi suke kira lissafin gauraya. Reshe ne na aljabara, fannin da Muhammad bin Musa Alkawarizmi ya tsara ƙa'idojinsa a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya.

Tushen wannan lissafi guda ne: abin da ke cikin gauraye daidai yake da jimillar abin da kowane ɓangare ya kawo. Masara tana ɗauke da furotin, sinadarin da ke gina jiki, kimanin kashi 9 cikin 100, tunkuzar waken suya kuwa kimanin kashi 44, alhali kaza mai ƙwai tana bukatar wajen kashi 16. Idan ana son kilo 100, sai a kira nauyin masarar da ba a sani ba x, na tunkuza ya zama 100 − x. Masara za ta kawo 9x, tunkuza ta kawo 44(100 − x), jimillarsu kuma dole ta kai 16 sau 100:

9x + 44(100 − x) = 1600

Da an buɗe baka sai a sami 4400 − 35x = 1600, wanda ke nuna 35x daidai yake da 2800, don haka x ya zama 80. Ke nan za a zuba masara kilo 80 da tunkuza kilo 20, kuma ana tabbatar da amsar ta hanyar haɗa 720 da 880, su ba da 1600. A aikace akan ƙara gishiri da garin ƙashi, sai a sake lissafin da su.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi shi ne haɗa 9 da 44 a raba biyu, wanda ba ya yin daidai sai idan nauyin biyu ɗaya ne. Ƙa'idar lissafin gauraya ce ɗan kasuwa yake bi wajen yanke farashin kwanon shinkafa iri biyu da aka gauraya, ita ce kuma ɗalibin kimiyya a Jami'ar Aliko Dangote ta Wudil yake bi idan zai sirka sinadari da ruwa.