Cikar Teku da Janyewarta

Kai mai karatu, in kai mutumin Gulma ne, ka san Gulbin Kabi sau ɗaya yake cika a shekara. Da damina ya malale fadama, da rani ya janye. To, teku ba haka take ba, sau biyu take cika kowace rana.

In Allah ya kai ka Ikko, ka ba da yini guda ka tafi Badagiri, wani gari yamma da ita. Ka shiga kwalekwale ka ƙetare zuwa bakin teku, ka kafa sanda cikin rairayi, ka zauna nesa kana dubawa. Ruwan yakan yi wajen sa'a 6 yana hawowa, kana ya yi wajen sa'a 6 yana komawa.

Ba ruwan sama ke kawo wannan ba. Wata ne ke jan ruwan teku, rana tana taya shi. Don haka cikar ta fi ƙarfi wajen tsayuwar wata da daren 14. Kullum kuwa takan makara da kamar minti 50.

Kada fa ka ajiye kayanka ko ka yi barci bisa jiƙaƙƙen rairayi, gama wurin da ruwa ya bari da hantsi, nan zai komo da la'asar.