Hanji yana sake riga duk kwana biyar

 Yau darasinmu a kan hanji yake.

Wata ɗalibata a wani ƙauye na ƙasar Gazawa ta yi kwana huɗu ba ta zo karatu ba. Da ta dawo na tambaye ta lafiya. Ta ce, "Malam, yaro ne ke zawo. Kakarsa ta ce a daina ba shi kunu, a bar ciki ya huta." To, wannan magana ta tsaya mini a rai. Kaka ba mugunta take nufi ba, amma shawarar tana kashe yara. Ku saurara ku ji dalili.

Ƙaramin hanjin babban mutum ya kai kamar mita 6. Cikinsa ba sumul yake ba. Yana da wani irin gashi na nama, ƙanana ƙanana, kamar gashin tawul. Wannan gashi ne ke tsotse amfanin abinci ya kai cikin jini. Jikinmu duka an gina shi da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ƙwayoyin da suka rufe gashin hanji su ne ke shan wahalar tuwo da barkono da kanwa. Saboda haka ba su daɗewa. Kwana 3 zuwa 5 sai su mutu, su faɗi, su fita tare da bayan gida.

To, in suna mutuwa haka, me ya hana hanji ƙarewa?

A gindin gashin nan akwai ƴan ramuka masu yawan gaske. A can ƙasan kowane rami akwai wasu ƙwayoyi na musamman. Bari mu kira su ƙwayoyin tushe. Aikinsu haihuwa. Ƙwaya ɗaya ta rabu ta zama biyu. Wasu su zauna a gindin rami su ci gaba da haihuwa, wasu a tura su sama. Waɗanda suka hau sai su yi ta rabuwa, sa'an nan kowace ta kama sana'arta: wata tsotsar abinci, wata yin majinar da ke kāre hanji. Sababbi na turo tsofaffi daga ƙasa, har tsofaffi su kai ƙoli su faɗi. Dare da rana haka ake yi, tun daga haihuwa har tsufa.

Manoman Agye da Gazawa ba za su yi mamakin wannan ba. Kun san kututturen sabara ko na kalgo a gona. An sare itacen, amma saiwa na da rai, in aka kula da tohon sai ya sake zama itace. Ƙwayoyin tushe su ne kututturen hanji.

Ba da sauƙi aka gano su ba. A 1974, a ƙasar Kanada, masu bincike biyu, Hazel Cheng da Charles Leblond, suka ce lalle uwayen ƙwayoyin hanji suna gindin ramukan nan. Sai a 2007 Hans Clevers da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka tabbatar da haka a hanjin ɓera. Suka sa wa ƙwayar tushe alamar launi. Bayan ƴan kwanaki sai ga launin ya hau tun daga rami har ƙolin gashi, domin ƴaƴanta da jikokinta duk sun gaje shi. A 2009 kuma suka ɗauki ƙwaya guda tak, suka rene ta a ɗakin bincike, ta girma ta zama ɗan guntun rigar hanji. Ikon Allah!

Yanzu mu koma ga yaro mai zawo. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna rota, wadda ke yawan sa jarirai zawo da amai. Tana lalata ƙwayoyin saman gashin hanji, gashin ya gajarce, ruwa ya riƙa zuba. Amma kututture na nan. In yaro bai bushe ba, ƙwayoyin tushe za su sake ɗinka rigar cikin kwanaki. Sai dai magini ba ya gini ba ƙasa. Rigar hanji tana samun wani kaso na abincinta daga abin da ke bi ta cikin hanjin. In aka hana yaro abinci, gashin ya ƙara ƙanƙancewa, zawo ya daɗe, tamowa ta shigo. Mutanen jihar Maraɗi da suka ga shekarar 2005 sun san tamowa, ba sai an ba su labari ba.

Saboda haka uwa ta ci gaba da ba da nono, har ma ta ƙara. Yaron da ya wuce wata 6 a ba shi kunun gero da garin ƙuli-ƙuli ko na wake, kaɗan kaɗan, sau da yawa. A karɓo ƙunshin gishiri da sukari a gidan likita, a kaɗa ƙunshi ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A karɓo kuma ƙwayar zink, a ba shi kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya, don tana taimakon hanji wajen gyara. Bayan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya kowace rana har mako biyu.

Rigakafin rota ya shigo Nijar a 2014. Ɗigo ne a baki, ba allura ba. A nan kusa, a Madarunfa, aka gwada wani irinsa mai jure zafi a kan jarirai wajen 3,500, aka bayyana sakamako a 2017: ya rage zawon rota mai tsanani da kashi biyu cikin uku.

In kuwa kun ga jini cikin zawo, ko idanun yaro sun zurma, ko maɗiga ta faɗa, ko ya kasa shan nono, kada a jira gari ya waye. A ɗauke shi zuwa gidan likita, ana tafe ana ba shi ruwan nan da cokali.