Riga ɗaya, lasisi biyu: Abin da ya raba nas da nas a Amurka

Idan ka shiga asibiti a jihar Kalifoniya, za ka ga mata biyu da riga iri ɗaya, kowacce ana kiranta nas. Amma duba katin da ke rataye a ƙirjinsu: ɗaya an rubuta RN, ɗayar kuma LVN. Matasan da ke mafarkin aikin jinya a Amurka, ku lura da waɗannan haruffa kafin ku zuba kuɗi a makaranta.

LVN suna ne da Kalifoniya da Teksas kaɗai ke amfani da shi, sauran jihohi LPN suke cewa. Karatunsa shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi, sai jarrabawar NCLEX-PN. RN kuwa sai an yi shekara 2 zuwa 4, a kuma ci NCLEX-RN.

To, ina bambancin yake a bakin gadon mara lafiya? LVN na auna zafin jiki da hawan jini, ta wanke ciwo, ta ba da magani, ta yi allura. Amma duk wannan a ƙarƙashin umarnin likita ko RN take yin sa. Ita RN ce ke duba mara lafiya daga kai har ƙafa, ta yanke shawara kan irin kulawar da yake buƙata, ta tsara ta, ta sauya idan hali ya sauya. Wato LVN na iya lura numfashin dattijo ya canza, ta rubuta, ta sanar nan take, amma fassara abin da sauya tsarin jinya ba hurumin ta ba ne, ko da ta shekara 20 tana aikin.

Maganar jijiya ma akwai iyaka. A Kalifoniya, sai LVN ta yi ƙarin horo na musamman kafin ta sa ƙarin ruwa ko ta ɗebi jini, kuma ko da hakan, ba a ba ta damar tura magani kai tsaye cikin jijiya ba. Kowace jiha da dokarta, kuma wanda ya tsallake layi zai iya rasa lasisinsa, ko da likita ne ya ce ya yi.

Ni dai ban ga abin raini a LVN ba. Gidajen kula da tsofaffi da su suke tsaye, kuma hanya ce ta fara samun albashi da wuri. Akwai kwasa-kwasan da ke ɗaga LVN zuwa RN, da yawa suna yi suna aiki. Sai dai idan burinka sashen kulawa ta musamman ne, can RN ake nema.